WA KE RIƘE DA MABUƊIN DUWATSUNMU?

'Yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, a ƙarshen barandar sashenmu akwai wani ɗaki da ba a cika buɗewa ba. A jikin ƙofar an rubuta da Turanci cewa nan ne ma'ajiyar duwatsu da ma'adinai. Shekara uku ke nan muna wuce ƙofar nan safe da yamma, amma sau biyu tak muka taɓa ganin cikin ɗakin, shi ma sai da aka kwana biyu ana cigiyar mai mabuɗi. Da aka buɗe, abin da ya fara tarbarmu shi ne ƙura da yanar gizo da kashin ɓera. A kabad ɗin farko muka tarar da duwatsun da aka sayo daga Ingila tun kafin a haifi iyayenmu, an jera su reras, kowanne da 'yar takardarsa mai ɗauke da suna da lamba da garin da aka samo shi. A can lungu kuwa, cikin wani tsohon buhun siminti, sai ga duwatsun ƙasarmu a cakuɗe, waɗanda yayyenmu suka sha rana suka ɗebo, gara ta cinye takardunsu, babu wanda zai iya cewa wannan daga Wurno yake, wancan daga Ashaka.

Mun san wani zai yi dariya, ya ce, "Haba jama'a! Ga tsadar kuɗin makaranta, ga cunkoso a ɗakunan kwana, ga rashin aiki na jiranmu a bakin ƙofa, amma ku rasa abin da za ku cika mana mujalla da shi sai zancen duwatsu?" To, mai wannan dariya muke so ya fara karanta wannan takarda. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: wanda ke riƙe da samfurin dutsen ƙasa, tare da takardar da ta faɗi sunansa da inda aka samo shi, shi ke riƙe da sanin arzikin wannan ƙasa, wanda kuwa ke riƙe da sani, shi ke yanka farashi. Mun yi shekara fiye da 100 muna haƙa muna dako, wasu na rubuta takardu. Ya isa haka.

TSAKUWA DA SHAIDA

Bari mu fara da bambanta tulin tsakuwa da ma'ajiyar duwatsu. Dutsen da ba a san inda ya fito ba tsakuwa ne kawai, ko da kuwa yana ƙyalli kamar tauraro. Amma da zarar an rubuta wurin da aka ɗauko shi, da zurfin ramin, da ranar, da sunan wanda ya ɗauko, ya tashi daga tsakuwa ya zama mai ba da shaida. Bayan shekara 50 ana iya sake kiransa a yi masa sabuwar tambaya da sabuwar na'ura, kuma zai amsa.

Kowane ma'adini yana da irin tasa sura da ba ya sauyawa. Dutsen ƙanƙara, wanda kakanninmu ke ƙyasta wuta da shi, idan ya samu sarari ya girma a cikin kogon dutse, kullum da gefe shida yake fitowa, da tsini a ka. Gishiri da kwalli kuwa, in ka fasa su, sai su rabu gida-gida masu kusurwa huɗu, sai dai kwalli ya fi nauyi nesa ba kusa ba, domin darma ce a cikinsa. Akwai wani ma'adini mai ruwan ɗorawa, haɗin ƙarfe da farar wuta, wanda ya sha sa mutane sayar da gona don sun ɗauka zinariya suka tsinta. Alhali kuwa gwajin ba shi da wuya: zinariya in ta sha guduma sai ta baje, shi kuwa sai ya farfashe; in ka goga shi a bayan fasasshen tangaran, baƙin layi zai bari. Irin wannan ilmi ba a samunsa a allo. Sai an ɗauka a hannu, an ji nauyi, an karta, an juya a rana. Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya gama digiri bai taɓa riƙe kuza a tafin hannunsa ba, da shi da likitan da bai taɓa ganin majiyyaci ba duk ɗaya ne.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta masana da ya kamata kowa ya sani. Idan aka gano sabon ma'adini, ko burbushin wata halitta ta zamanin da wadda ƙashinta ya rikiɗe ya zama dutse, to samfurin da aka yi amfani da shi wajen raɗa suna shi ne samfurin asali. Duk wanda ya samo makamancinsa daga baya, da wannan na asalin zai gwada kafin ya ce uffan. Watau gidan da ke ajiye da samfurin asali ya zama kotun ƙoli a kan wannan halitta har abada. Ku riƙe wannan, domin a nan ne gizo ke saƙar.

TEKU A SAKKWATO

Mutum nawa ne a cikinmu suka san cewa teku ta taɓa malale ƙasar Sakkwato? Shekaru miliyoyi da suka wuce, wani reshen teku ya ratsa inda Sahara take a yau, ya shafe yammacin Nijar da arewa maso yammacin Nijeriya. Dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Kalambaina ba kome ba ne illa ɓawon halittun wannan teku da ya taru ya daskare kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. A tsaunukan da ke wajejen Wurno da Goronyo da Dukamaje akwai haƙoran kifaye, da ƙoƙon kunkuru, da ƙasusuwan kadoji. A can aka haƙo wani ƙaton dabban ruwa, dangin guza da damo, wanda masanan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus nigeriensis a 1972. A 1975 aka raɗa wa wani kada suna Sokotosuchus. A gabas kuma, a ma'aikatar fasa dutse ta Ashaka, akwai halittun teku masu ɓawo a naɗe kamar gammo, waɗanda suka haura shekara miliyan 90, har masana suka sa wa wasu jinsunansu Gombeoceras da Bauchioceras. Akwai ma'adinin da aka fara ganowa a Egbe ta lardin Kabba, aka bayyana shi a 1947, aka sa masa sunan Nijeriya ɗungurungum.

Ku duba da kyau. Goronyo, Sakkwato, Gwambe, Bauchi: sunayen garuruwanmu ne ke yawo a littattafan duniya da jelar Latin a bayansu. To, ina dabbar Goronyo take? Samfurinta na asali yana birnin Fulorans na Italiya, ƙasusuwan farko da aka kwatanta tun 1930 kuwa Landan aka kai su. Ɗan Goronyo da ke son ya yi nazarin dabbar da aka haƙo a bayan garinsu, sai ya nemi fasfo, ya bi layin biza, ya nuna takardar banki, sa'an nan a duba a ga ko ya cancanta. An ba mu suna, an tafi da nama. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

YADDA AKA FARO

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin Bature ya taka Filato, maƙeran Riruwai sun daɗe suna narka kuza, suna zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake na kai ta kasuwanni. Tun kafin nan an narka tama a gindin Dala, Ibn Battuta ya ga cinikin tagulla a Takedda a 1353, ayarin raƙuma na ɗauko gishiri daga Bilma, ana fasa kanwa a bakin tafkin Cadi. Waɗannan mutane sun san duwatsunsu, sun san wanda ke ba da ƙarfe da wanda ba ya bayarwa, kuma suna da sunan kowanne. Tsinkayen kuzar nan da aka gani a kasuwa su suka sa Kamfanin Neja ya aiko 'yan leƙen asiri su bi sawu har tushe a farkon shekarun 1900.

Daga 1904 zuwa 1909 aka yi binciken ma'adinan Nijeriya ta Arewa, ana cika akwatuna da samfur ana aikawa Cibiyar Daular Ingila da ke Landan don a auna. A 1911 J. D. Falconer ya buga littafinsa a kan duwatsun Arewa, a 1919 kuma aka kafa Ma'aikatar Binciken Duwatsu ta Nijeriya, shi ne shugabanta na farko. Kada wani ya ruɗe mu da cewa son ilmi ne zalla ya kawo su. Guduma ce ke gaba, lasin na biye, jirgin ƙasa na bayansu. A 1914 layin dogo daga Zariya ya isa Jos. Dokar ma'adinai ta 1916 ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Sarkin Ingila ne. Kamfanin Neja kuwa tun 1900 aka yanka masa rabin harajin ma'adinan wani babban yanki na Arewa har na shekara 99, sai da aka biya fam miliyan 1 daga aljihun Nijeriya a 1950 kafin a fanshe. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka yi ɗiban gwamna, aka kwashi dubban talakawa daga ƙauyuka aka kai su aikin tilas a ramukan kuza, sanyin Filato da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Kyawawan ƙwayoyin kuzar Jos da ke ƙyalli a bayan gilashi a gidajen tarihin Turai, a takardunsu za ka ga sunan injiniya ko na kamfani. Ba za ka ga sunan leburan da ya tsaya cikin ruwa tun asuba ba, balle na matar da ta ɗauki kwanon ƙasa a ka.

Ba mu kaɗai aka yi wa haka ba. Daga 1909 zuwa 1913 Jamusawa suka sa ɗaruruwan leburori haƙa a Tendaguru, cikin ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau, suka ɗora musu fiye da tan 200 na ƙasusuwa a ka zuwa tashar jirgin ruwa ta Lindi. Ƙaton dinoso mai tsayin mita 13 da ke tsaye a gidan tarihin Balin daga nan ya fito. Ƙoƙon kan mutumin da da aka haƙo a Kabwe a 1921 Landan aka kai shi, Zambiya ta yi shekaru tana neman a maido mata.

DUTSEN ZAGAMI

Idan wani ya ce wannan duk tsohon labari ne, to ga na bayan mulkin kai. Ran 3 ga Oktoba 1962, wani manomi a Zagami ta ƙasar Katsina yana korar hankaki daga gonarsa, sai ya ji ƙara, wani abu ya faɗo kusa da shi ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono, sai ga dutse mai nauyin kilo 18. Aka kai shi Kaduna aka ajiye. Daga baya masana suka gano cewa iskar da ta maƙale a cikin irin waɗannan duwatsu daidai take da wadda kumbon Viking ya auno a duniyar Mas a 1976. Watau yankin wata duniya ne ya faɗo a gonar Bakatsine. A ƙarshen shekarun 1980 wani Ba'amurke mai fataucin duwatsun sama ya rabo da babban yanki daga cikinsa. Aka yi ta yanka shi sala-sala kamar kilishi, ana sayarwa da awon giram. Ɗakunan bincike a Amurka da Turai da Japan sun samu rabonsu. Har an ɗora ɗan ɓarɓashinsa a kumbon da Amurka ta harba zuwa Mas a 1996. Dutsen Zagami ya koma hanyar gida, amma yaran Zagami ba su taɓa ganinsa ba, mu ma da muke karatun duwatsu sai a hoto.

Ran 3 ga Afrilu 1984 wani dutsen sama mai kimanin kilo 100 ya faɗo a ƙasar Gujba. Jama'a suka farfasa shi, kowa ya ɗauki nasa, da yawa daga ciki ya ƙare a hannun 'yan kasuwar waje. A Nuwamba 2023 kuma aka tsinci wani dutsen Mas mai nauyin kusan kilo 25 a jihar Agadas. A Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a Niyok a kan kuɗi sama da dala miliyan 5. Sai bayan an buga ƙararrawar gwanjo gwamnatin Nijar ta ce za ta binciki yadda aka yi ya fita. Ihu bayan hari ke nan. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

Duk da haka, a nan ya kamata mu sara wa 'yan'uwanmu na Nijar. Hamadar Tenere, musamman Gadufawa, tana cikin wurare mafi arzikin ƙasusuwan dinoso a duniya. A can aka samo kadan nan Sarcosuchus mai tsawon fiye da mita 9, da Nigersaurus mai haƙora wajen 500, da Ouranosaurus mai doro kamar tanti, wanda Bafaranshe Philippe Taquet ya bayyana a 1976. Samfurin asali na Ouranosaurus an mayar da shi Yamai, an kafa shi a gidan tarihi na Bubu Hama, inda ɗan makaranta zai tsaya ya ɗaga kai ya kalla. Ko da yake ɗan'uwansa yana Benis ta Italiya, kuma an kai tarin ƙasusuwa Cikago don nazari bisa alkawarin za a dawo da su, aƙalla Nijar ta nuna cewa in an ƙulla sharaɗi tun farko, ana iya maido da kaya. Tun ran gini ran zane.

HUJJOJINSU DA AMSARMU

Hujja ta farko da ake kawo mana ita ce, wai kayan sun fi samun tsaro a Turai. To, a 1912 aka haƙo ƙasusuwan Spinosaurus a hamadar Masar aka kai su Munik. A Afrilu 1944 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, samfurin asali ya zama toka. Yashin Masar ya riƙe shi shekara miliyan 90 da ɗoriya, Turai ta kasa riƙe shi shekara 40. A 2023 kuma Gidan Tarihin Birtaniya ya fito da bakinsa ya ce kayayyaki wajen 2,000 sun ɓace ko an sace ko sun lalace a hannunsa. Ashe gobara da ɓarawo ba su san launin fata ba.

Hujja ta biyu, wai ilmi na kowa ne, ba shi da ƙasa. Mun yarda. Amma in na kowa ne, me ya sa ƙofarsa ke buɗewa ta gefe guda kawai? Wani bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa kashi 97 cikin 100 na bayanan burbushin halittu da ke cikin babban kundin duniya, masanan da ke zaune a ƙasashe masu arziki ko masu matsakaicin arziki na sama ne suka samar da su. Ƙasusuwan namu ne, digirin nasu ne.

Hujja ta uku, wai ba mu da ƙwararru. Ƙwararru ba daga sama suke faɗowa ba kamar dutsen Zagami. Kenya ta hana fitar da ƙasusuwan mutanen da, shi ya sa yaron Turkana, wanda Kamoya Kimeu ya gano a 1984, yake Nairobi, masanan duniya ke zuwa su same shi a can. Habasha ta riƙe Lusi da aka haƙo a 1974. A Jami'ar Mansura ta Masar, Hesham Sallam da ɗalibansa, galibinsu mata, su suka haƙo dinoso da hannunsu suka bayyana shi a 2018, suka sa masa sunan jami'arsu. Amurka ta mayar wa Mongoliya dinosonta a 2013 bayan an yi yunƙurin gwanjonsa, Jamus ta mayar wa Burazil nata a 2023 bayan ɗalibai da masanan ƙasar sun tasa ta gaba da kururuwa. Doka ma tana bayanmu: yarjejeniyar UNESCO ta 1970, wadda Nijeriya da Nijar suka amince da ita a 1972, ta ambaci ma'adinai da burbushin halittu ƙarara cikin dukiyar da bai halatta a yi fasa-ƙwaurinta ba. A 2022 Jamus ta fara maido da tagullar Bini da aka wawashe a 1897, muka yi murna. To, me ya sa babu mai tambayar ƙasusuwan Goronyo?

LAIFIN NAMU

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba Bature ne ya kulle ɗakin da ke ƙarshen barandarmu ba. Ba shi ne ya bar gara ta cinye takardun yayyenmu ba. Ba shi ne ke sa hannu a takardar fitar da kaya a tashar jirgin sama ba. An fi shekara 60 da saukar da tutar Ingila. Kuɗin da ake kashewa a kan motar babban ma'aikaci guda ɗaya ya isa a sayi kabad-kabad, da madubin duba duwatsu, da maganin gara, a kuma biya albashin mai kula na shekaru. Manyanmu sun fi son gina ƙofar shiga mai ado a kan gyara abin da ke cikin gida. Mu ɗalibai ma ba mu fita ba. Sau nawa muka dawo daga aikin daji muka zubar da samfur a bayan ɗakin kwana da zarar an ba mu maki?

A yau ma dillalai na bin ramukan Nasarawa da Kaduna da Mambila da Oyo suna sayen duwatsu masu daraja, shuɗi da kore da ja, a hannun samarin da ba su san sunan abin da suka haƙo ba. Ana saye a kwano, a kai Bankok a goge, a sayar da awon ƙwayar gero. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Da a ce akwai wurin da mai haƙa zai je ya gwada dutsensa da wanda ke cikin gilashi, ya ji sunansa da harshensa, da dillali bai raina masa hankali ba.

Ga mai cewa dutse ba ya kashe yunwa, muna tuna masa cewa jahiltar dutse tana kashe mutum. A 2010 aka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Dutsen zinariyar da iyayensu ke kawowa gida ana daka shi a tsakar gida, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, cike yake da darma. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi abinci, ta bi hannun yara zuwa baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Ba mu ce gidan ajiyar duwatsu kaɗai zai hana wannan ba, talauci ne ya tura mutane rami. Amma da an auna dutsen tun farko, da akwai jami'i ɗaya a ƙaramar hukuma da ya taɓa riƙe dutsen darma a hannu ya san kamanninsa, da malamin firamare yana da ɗan akwatin samfur da zai nuna wa yara ya ce wannan guba ne, da wasu kaburburan ba a haƙa su ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

ABIN DA MUKE NEMA

Ba mu rubuta wannan don kuka kawai ba. Ga buƙatunmu.

Na ɗaya, hukumar kowace jami'a mai sashen ilmin duwatsu ta buɗe ma'ajiyarta, ta naɗa mata mai kula na dindindin da kasafin kuɗi nata na kanta, a kuma ware rana ɗaya a mako da 'yan firamare da na sakandare da masu haƙa za su shigo kyauta.

Na biyu, a ƙirga abin da muke da shi. Kowane dutse a ba shi lamba, a shigar da shi rajista, a ɗauki hotonsa, a sa a kwamfuta. Abin da ba a ƙirga ba, ba a sanin ranar da ya ɓace.

Na uku, kowace takarda a rubuta ta da harshen mutanen wurin tare da Turanci. Mu je wurin tsofaffin maƙera, da masu wankin kuza, da masu fasa kanwa, da masu ginin tukwane, mu rubuta sunayen da suke kiran duwatsu da su tun ba su tafi da su kabari ba. A kuma rubuta sunan wanda ya tsinto samfur, ko manomi ne ko makiyayi.

Na huɗu, Gwamnati ta kafa doka bayyananna cewa samfurin asali na duk wani ma'adini ko burbushin halitta, da duk dutsen da ya faɗo daga sama, ba ya barin ƙasar nan sai aro, na ƙayyadadden lokaci, a rubuce. Wanda ya tsinta kuma a ba shi tukwici mai tsoka, domin talakan da hukuma ta ƙwace wa kaya hannu rabbana, gobe dillali zai nema. Duk baƙon da zai yi haƙa, lalle ya tafi da ɗalibanmu, sunansu kuma ya fito a cikin abin da za a buga.

Na biyar, kamfanonin siminti da ke fasa dutse su ba ɗalibai dama su tsince abin da ke ciki kafin a tura shi inji. Kowace rana ana niƙe shafukan tarihin da ba za a sake rubutawa ba.

Na shida, a rubuta wa gidajen tarihin waje a nemi cikakken jerin abin da suke riƙe da shi na ƙasarmu, sa'an nan a zauna a yi maganar abin da zai dawo, da abin da za a aiko da kwafinsa, da gurbin karatu ga ɗalibanmu.

Mu kuma ba za mu jira sai an amsa ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanda bai share ɗakinsa ba ba shi da bakin cewa a maido masa da kayansa. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta sa wannan magana cikin ajandar zamanta na gaba. Ku 'yan'uwanmu da kuka riga mu kama aiki a ma'aikatun ma'adinai da ilmi da kwastan, wata rana takardar fitar da wani akwatin duwatsu za ta biyo ta teburinku. Ku buɗe akwatin kafin ku sa hannu. Mu kuwa ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe 8 na safe za mu hallara a ƙarshen barandar nan da tsintsiya da bokiti da sabon littafin rajista. Duk mai sha'awa, ko daga wane sashe yake, ya zo. Muna roƙon mai mabuɗi, wannan karon kada ya sa mu yi cigiya.